Baya da Baya a Gonar Inabi

Ni dai ba wanda zai koya mini keke. A kansa na yi wayo, da shi na yi aure, da shi na aurar. Tun ina saurayi nake rarraba burodin tamis a lungunan Sharafiyya, kwando a gaba, kwando a baya. Daga bisani na buɗe 'yar rumfar gyaran keke, na zauna a cikinta har gemuna ya yi fari. Sai dai duk tuƙin da na yi a rayuwata a Jidda na yi shi, garin da yake a shimfiɗe kamar faifai. Tudun da na sani shi ne gadar sama, ita ma in na iso ta sauka nake yi in tura.

Don haka ranar da na fara ganin keken mijin 'yata, dariya na yi har da riƙe ciki. Ba kariya, ba ƙararrawa, ba inda za ka rataya ko ledar tumatir. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyin masu kauri da ƙuraje-ƙuraje. Wai na hanyar tsakuwa ne. Wai duk Asabar shi da abokansa sukan ɗora kekuna a bayan mota su hau duwatsun Ɗa'if, su yi ta yawo a hanyoyin da ba kwalta, tsakanin gonakin inabi da daji.

Na ce wa 'yata, "Yanzu an sha wahala an shimfiɗa kwalta, shi kuma ya zuba mai a mota ya tafi neman inda ba a shimfiɗa ba?"

Ita na faɗa wa, don shi ba a hira da shi. Mutumin Jos ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma wallahi ban taɓa samunsa da aibi ba sai guda ɗaya: kunya. Mu haifaffun Jidda abin ya sassauta a wurinmu. Kakana ne ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba, mu nan muka tashi. Ni da mahaifin matata, Allah ya jiƙansa, a faranti ɗaya muke cin shinkafa, har gardamar ƙwallo muke yi. Shi kuwa wannan bawan Allah tun daga ƙasan matakala yake cire takalmi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ido a kan darduma, "Baba, ina wuni." A kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Sai 'yata ta zuba masa a kula ya je ya ci a mota. In muka haɗu a hanyar masallaci, nan take zai ja da baya, ba ya jerawa da ni, balle ya wuce ni. Da fari abin ya burge ni, har ina yi wa abokaina alfahari. Da shekaru suka ja sai ya fara ba ni haushi, don ban san ko sautin dariyarsa ba.

Suna da 'ya ɗaya, jikata, wadda nake kira amaryata. Lokacin ba ta shiga makaranta ba tukuna. Duk Alhamis ana kawo mana ita daga unguwarsu Safa zuwa gidanmu a Waziriyya ta kwana. Tana shigowa za ta ja hannuna, "Jaddi, yalla!" wato kaka, mu tafi. In ɗora ta a gaban tsohon kekena mu tafi kanti sayen askirim, tana ta danna ƙararrawa ko ba kowa a hanya. In yi mata Hausa ta amsa mini da Larabci. Alhamis ɗin nan ita nake jira tun daga Asabar, ba na ɓoyewa.

Wata safiya a tsakiyar zafi, ina shan shayi, Hajiya matata ta zauna kusa da ni ta ce, "Akwai magana, amma kar ka yi faɗa."

Na ce, "Yaushe na taɓa faɗa?"

Ta harare ni. Sannan ta ce aikin mijin 'yarmu zai ƙare ƙarshen zafin nan. Kafili, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ya ce a sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Gida yake son komawa, da matarsa, da 'yarsa.

Na ajiye kofin. Gida? Wane gida? Ni ban taɓa taka Nijeriya ba, 'yata ma sau ɗaya ta je. A ɗauke mini amarya a kai ta inda sai da jirgi? Na yi faɗan da aka ce kar in yi, na yi shi sosai, har maƙwabciya ta leƙo. Da na huce na yanke shawara zan zaunar da shi in roƙe shi ya sabunta iƙamar nan ya zauna. Na tsara jawabi mai kyau: aikinsa mai albarka, makarantu, kusanci da Harami, tsufanmu ni da Hajiya.

To, a ina za a yi jawabin? Na gwada a falo. Ina cewa "Malam, matso nan" sai ya ƙara dunƙulewa a bakin ƙofa, komai na ce ya ce "Haka ne, Baba," kafin in kai kan magana an kira salla. Na gwada a waya, sai na ji daga muryarsa a can ma durƙusawa ya yi. Hajiya ce ta ce, "Ka same shi a inda yake sakin jiki mana. 'Yarka ta ce in yana kan keken nan har waƙa yake yi."

Na aika masa ta bakin 'yata cewa Asabar mai zuwa da ni za a hau dutse. Ta ce da ya ji sai da ya zauna.

Ranar Juma'a da yamma ya kawo kekuna biyu, nasa mai kyau ya ba ni, shi ya aro na abokinsa. Na taɓa tayoyin na ji su laƙwas. Ash-sha, na ce a raina, masu karatu ke nan, keken dukiya amma ba iska. Ni a ƙa'idata, taya in ka ɗalle ta da yatsa ba ta yi ƙara ba, ba ta ƙoshi ba. Na ɗauko famfona na ɗura wa nawa iska har ya koma kamar dutse. Ya zo ya danna tayar da babban yatsa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Ma sha Allah, Baba."

Bayan Asuba muka kama hanya, mu biyu kawai. Ashe ya hana abokansa zuwa, kar su yi wasan banza a gabana. Na ji daɗi, na ce ga mota, ga hanya mai nisa, ba inda zai gudu. Ina gyara murya sai ya miƙa hannu ya kunna karatun Alƙur'ani. To, wane ni in yi magana a kan karatu? Haka muka ratsa gefen Makka muka kama hawan dutse, hanya tana ta nannaɗewa, kunnuwana suna toshewa, ina ta haɗiye jawabina. Har yau ina zargin da gangan ya yi.

Da muka tsaya na buɗe ƙofar mota, iskar da ta buge ni sai na ji kamar an buɗe firji. Ya salam! A ƙasa mutane suna narkewa, nan kuwa har da 'yar tsigar jiki. Ga duwatsu jere-jere, ga kore a cikin kwaruruka, ga ƙamshin wani itace da ban san shi ba. Shi ya saka dogon wando da riga mai dogon hannu a kan kayan tserensa, don kar in ga gwiwarsa. Ni kuwa na cusa ƙafar wando cikin safa kamar yadda na saba, na kifa hular kwano, na ce, "Yalla, bismilla. Mu je."

Ya ce, "Bismilla, Baba," ya tsaya yana jira.

"Ka shiga gaba mana, kai ka san hanya."

"A'a, Baba. Baba dai ya shiga."

Na ce to, ai hanya ɗaya ce a gabanmu, na hau na taka.

Kai jama'a! Muna barin kwalta keken nan ya rikiɗe ya zama jaki. Kowace tsakuwa sai ta aiko mini da gaisuwa har tsakiyar kai. Haƙorana suna ta karo da juna, hannuwana suka mutu, tayar baya tana wutsil-wutsil tana neman wuce ta gaba. Na ce a raina wannan shi ne abin da mutane suke baro barcin Asabar dominsa? Amma ban nuna ba. Mai gyaran keke guda, a ce tsakuwa ta ba shi kunya a gaban mijin 'yarsa? Na dafe, na ci gaba.

Dabarata ita ce mu jera, kafaɗa da kafaɗa, ido a kan hanya, in saki maganar a hankali. Na rage gudu don ya iso ni. Ya rage. Na ƙara ragewa har keken yana tangaɗi. Na waiwaya na hango shi can baya, yana tafiya a hankalin da ban san keke yana iya yi ba tare da ya faɗi ba. Na taka birki na tsaya. Ya tsaya, ya sauka, ya ɗan rusuna riƙe da keke, ya ɗago murya, "Sannu, Baba!"

"Matso mana!"

Ya matso taku biyu.

Na sha ruwa, na ɗaga masa gora. Ya ce ya ƙoshi. Gorarsa tana maƙale a jikin kekensa, cike, ko buɗe ta bai yi ba.

Muka ci gaba. Na ce tunda haka ne bari in yi jawabin ta kafaɗa. Na juya kai na ƙwala, "Malam! Maganar iƙamar nan!" Iska ta kwashe rabi. Na ji daga nesa, "Na'am, Baba! Sannu, Baba!" Kafin in juyo tayar gaba ta hau wani dutse, saura kaɗan in tafi cikin kwari da ni da jawabin. Na bar wannan dabarar.

Can muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ta dama ta gangara, ta hagu ta hau. Na waiwaya, ya sunkuyar da kai yana duban fedarsa. Ban tambaya ba, don kar a ce na tsorata da hawa. Na karya hagu da ƙarfin zuciya kamar a nan aka haife ni. Na ji tsakuwa tana ƙara a bayana, ya biyo.

Hawan nan ya shiga da mu cikin dajin ar'ar, itatuwa gajeru masu murɗaɗɗen jiki da ganye sirara, su ne masu ƙamshin da na ji tun a mota. Inuwa, sanyi, tsuntsaye. Da a mota nake da na yaba. A kan keke kuwa numfashina kawai nake ji, kamar zuga-zugin maƙeri. Na sauya giya, na sake sauyawa, har giya ta ƙare, dutse bai ƙare ba. Na sauka na kama turawa. Na waiwaya, sai ga shi shi ma ya sauka yana turawa, mutumin da aka ce yana hawa irin wannan wurin yana waƙa.

A wata kwana muka tarar da gwaggon biri, zuriya guda, zaune a kan katangar dutse. Wani tsoho a cikinsu ya bi ni da kallo yana soshe-soshe, bai ko motsa ba. Na dube su sun jeru, manya da ƙanana, suna cin abu ɗaya. Na ce da ƙarfi, don na baya ya ji, "Ko birai suna zama kusa da surukansu!" Sai na ji wani ɗan tari a bayana.

Hanyar ta yi ta sirancewa har ta ƙare ƙaf a bakin wata ƙofar ƙarfe. Bayan ƙofar gonar inabi ce, hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa an tare shi da katangar duwatsu. An yi wa inabin rumfuna, nonnansa suna reto a ƙarƙashin ganye, wasu kore, wasu sun yi baƙi. Na tsaya ina haki, ina tunanin yadda zan ce da gangan na kawo mu nan.

Mai gonar ne ya cece ni. Wani dattijo Balarabe, ya girme ni, ya ɗaura rawaninsa a ƙugu, ƙafafunsa duk laka. Ya buɗe ƙofa yana marhabin kamar ya shekara yana jiranmu. Bai tambayi daga ina muke ba. Ya shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin rumfa, kusa da wani tafkin siminti da yake tara ruwan ban gona. Ya kawo gahawa, sannan ya tsamo inabi daga cikin ruwan sanyi ya tula a tire.

Na jefa ɗaya a baki. Wayyo Allah! Sanyi, zaƙi, da 'yar tsami a ƙarshe. Na manta da ciwon ƙugu. Na kai hannu na sake kaiwa.

Mijin 'yata kuwa yana can ƙarshen tabarma, rabin jikinsa a ƙasa, hannuwa a kan cinya. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, tun Asuba ko ruwa bai sha ba. Dattijon ya tura masa tire. Ya dafa ƙirji ya ce alhamdu lillahi. Ya sake tura masa. Ya sake dafa ƙirji. Sai na ga fuskar mai gona ta sauya.

Ya dube ni ya ce da Larabci, "Ɗanka ne?"

Na ce, "Mijin 'yata ne."

"Inabina ne bai yi masa ba? Ko hannuna ne da datti?"

Tabɗi! Ni na tashi cikin mutanen nan, na san abin da ƙin cin abincinsu yake nufi. Na yi masa bayani cewa a ƙasarsu mutum ba ya cin abinci a gaban uban matarsa, girmamawa ce. Dattijon ya ce bai taɓa jin girmamawar da take kashe mutum da ƙishirwa ba, kuma ba wanda ya taɓa shiga gonarsa ya fita da baki a bushe. Shi kuma wancan ya ƙara sunkuyar da kai, ya rasa wanda zai ɓata wa rai a cikinmu.

Haushi ya ƙume ni. Na ɗebi nono guda na inabi, na juya gaba ɗaya na fuskanci dutse, na ba shi baya. Na ce da Hausa, "Ga shi nan, ba na ganinka. Na tafi, ba na nan. Ka ci don girman Allah, kar ka ja mana zagi a garin mutane."

Can sai na ji motsi, shi ma ya juya. Sai na ji ƙwas, inabi ya fashe a baki. Sai wani. Sai na ji an buɗe gora, ruwa yana wucewa ƙwat-ƙwat-ƙwat kamar ba za a tsaya ba. Dattijon ya yi dariya har da tafi, ya ce mu mutanen ban mamaki ne, ya ɗauki fartanyarsa ya gangara sakin ruwa.

Muka zauna baya da baya, ni ina kallon dutse, shi yana kallon kwari, kowa yana tofar da 'ya'yan inabi a gabansa. Sai na ji wata murya a bayana, sakakkiya, wadda ban taɓa ji ba.

"Baba, hanyar da muka biyo ba ita ba ce."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun inda ta rabu."

"Shi ne ka bar ni na hau wannan dutsen?"

"Baba ne a gaba." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma tayoyin, Baba. Iskar ta yi yawa. A tsakuwa sai da laushi, shi ya sa keken yake ta tsalle."

"Wannan kuma tun yaushe?"

"Tun jiya."

Na ce, "Amma kai mugu ne." Sai na ji bayansa yana girgiza. Dariya yake yi, wata 'yar siririyar dariya mai shiga hanci. Shekara da shekaru, ashe haka take.

Na ce yanzu ne lokaci. Na gyara zama, na nemo farkon jawabina. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Baba, akwai maganar da na daɗe ina son kawowa, na kasa."

Ya ce mahaifiyarsa ce. Idanunta sun tafi, saura ɗan haske kaɗan. Shi ne babba, ƙanwarsa tana aure a wani gari, maƙwabta ne suke leƙa ta. Ya yi, ya yi ta zo Jidda, ta ce ba ta barin ɗakinta. Rabonta da jikarta tun tana jaririya. In sun kira ta a waya takan ce a matso da yarinyar kusa, a ƙara matsowa, alhali fuskar yarinyar ta cika wayar. Rannan ta ce masa a bar wahalar, a dai sa ta yi magana ta ji. Yarinyar ta yi magana da Larabci, tsohuwa ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ta ce ma sha Allah.

Ya ce, "Wurin nan da nake zuwa, Baba, ba don keke ba ne kawai. Duwatsun da sanyin kamar na garinmu ne. In na zo sai in ji kamar in na sha kwana zan ga gidanmu."

Sai ya ci gaba.

"Amma 'yar Baba ce, jikar Baba ce. Na san yadda Alhamis take a wurin Baba. In Baba ya ce a'a, wallahi gobe zan kai takarduna a sabunta, kuma ba zan sake tayar da maganar ba."

To, ga shi. Abin da na hau dutse dominsa an ɗora mini shi a tafin hannu, ko roƙo ban yi ba. Kalma ɗaya zan faɗa, kuma na san zai cika, don irinsa ba sa saɓa wa suruki. Ina son in faɗe ta, wallahi ina so. Na ga amaryata a gaban kekena tana danna ƙararrawa.

Sai na tuna kakana. Ina yaro, duk lokacin hajji yakan sa a kai shi inda alhazan ƙasarsu suke sauka, yana bi yana tambaya ko akwai wanda ya san ƙauyensu, ko an san wata tsohuwa mai suna kaza. Mu yara dariya muke yi masa, don shi kansa ya tsufa tukuf, ina uwarsa za ta kai lokacin? Bai daina tambaya ba har ya rasu.

Na tofar da 'ya'yan inabin. Na ce, "Akwai makarantar kirki a can?"

"Akwai, Baba."

"Sanyin fa? Amaryata ba ta san sanyi ba."

"Kamar na nan ne. Za a saya mata rigunan sanyi."

"Askirim fa?"

"Akwai, Baba."

Na ce, "To ku je. Halas, magana ta ƙare. Ku je, Allah ya ba mahaifiyarka lafiya."

Bayansa ya sake girgiza, amma wannan karon ba dariya ba ce. Ni kuma na ci gaba da kallon dutse, na gode wa Allah da ba wanda yake kallon fuskata.

Da za mu tafi dattijon ya cika mana leda da inabi, ya rantse ba zai karɓi komai ba. A bakin ƙofa mijin 'yata ya durƙusa, na ɗauka gaisuwa ce, ashe gaban tayata ya durƙusa. Ya danna bakin, fuuu, iskar da na sha wahalar ɗurawa tana fita ina kallo. Na ce, "Kai, ya isa, za ka kashe ta!" Ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Ya ce mini saura kaɗan, ni, a kan taya.

Na ce, "Yanzu shiga gaba."

Ya fara, "A'a, Baba dai..."

"Ka shiga gaba ko in kai mu wata gonar."

Ya shiga. Ranar na fara ganin yadda yake tuƙi. Ya miƙe a kan feda, ya saki jiki, yana bin gangara kamar ruwa, yana nuna mini rami da hannu kafin in iso. Keken da ya wuni yana dukana ya koma lafiyayye, tayoyin suna lasar tsakuwa shuuu, ba tsalle, ba gardama. Muka ratsa dajin ar'ar, muka wuce biran nan, iska tana cika mini riga. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba kamar yaro. Ya waiwayo a tsorace, na ce, "Tafi, tafi, daɗi ne!"

Sun tafi bayan zafi ya karye. Keken ya bar mini. Abokansa sukan biyo su ɗauke ni wata Asabar ɗin, suna kirana Ammu, wato baffa, kuma ba mai kunyar wuce ni a cikinsu, 'yan banza. Amaryata yanzu Hausa take yi mini a waya, irin ta Jos, har gyara mini take yi. Ta ce ita ce take riƙe hannun kakarta zuwa bakin ƙofa su sha rana. Alhamis kuwa har yanzu ba ta yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba. In yamma ta yi nakan ɗauki tsohon keken in je kanti, in sayo abin da ba a aike ni ba.

Ranar da muka raka su filin jirgi, Hajiya da 'yata suna ta kuka, yarinyar tana ta wasa da keken kaya. Da aka zo sallama sai ya dawo yadda yake. Ya durƙusa a gabana a tsakiyar mutane, ido a ƙasa, bakinsa yana motsi, magana ta ƙi fita. Na dube shi, na duba agogo. Sai na juya na ba shi baya, ina kallon ƙofar da muka shigo.

Na ji ya miƙe. Na ji muryarsa dab da kafaɗata.

"Baba, zan riƙe su amana."

Na ce, "Na sani. Ka gaishe da mahaifiyarka."

Ban juyo ba sai da Hajiya ta taɓa ni ta ce sun shige.